Ranar da Na Toshe Kunne a Gaban Uwar Abdulhamid

Da hannun hagu nake danna muku wannan rubutun, na daman yana naɗe da bandeji, don haka duk wadda ta ga harafi ya karkace ta yi min uzuri.

Sababbin da suka shigo wannan zauren namu na mata a waya cikin makon nan suna ta tambaya wace ce ni. Sunana Rukayyat, shekarata ashirin da biyar, a Lokuwa muke a nan Mubi. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Katsina da fataucin fata, gari ya karɓe shi ya zauna, shi ya sa a gida Hausa muke yi, a waje mu tsinci Fulatanci. Sana'ata lalle. Ja kawai nake yi, ba na taɓa baƙin nan da ake haɗawa da haidurojin saboda warinsa, kuma ba na zuwa gidan biki. Amaryar da take son hannuna sai ta zo ɗakina da sassafe, ita da ƙawa ɗaya tak. Mutane suna cewa yanga ce. Na bar su a haka, don yanga ta fi gaskiyar sauƙin faɗa.

Akwai tambayar da Innarmu take yi tun ina ƙarama, har yau ba ta gaji da ita ba. Yarinyar da take jin ɗigar famfo a gidan maƙwabta, yaya za a ce ba ta jin kiran uwarta daga bakin ƙofa? Kuma gaskiyarta, duka biyun haka suke. In ina zaune haka kawai, komai nake ji lokaci ɗaya: ƙugin firiji, injin markaɗen bayan layinmu, tsuwar cajar waya da ba wanda ya yarda tana ƙara, taunar cingam ɗin yayata Adda Rabi. Babu wanda yake ja da baya ya ba ɗan'uwansa wuri, duk da ƙarfi ɗaya suke shigowa. Amma da zarar na kama hannun amarya na ɗora bakin ledar lalle, shi ke nan, duniya ta ɗauke. Na taɓa ƙona tukunyar wake har gindi ina zaune taku biyar da ita. Hayaƙi ya cika tsakar gida, sai da Inna ta fizge ledar daga hannuna na san abin da ake ciki.

Kowa da sunan da ya sa wa abin. Baba ya ce miskilanci ne. 'Yan makarantarmu suka ce raini. Wasu suka ce firgitar gudun da muka yi ce, shekarar da aka watse daga Mubi muka kwana uku muna tafiya a daji, amma Inna ta san tun kafin nan haka nake. An yi min ruƙiyya, an yi hayaƙi, kuma hayaƙin nan shi ya fi komai tayar min da hankali, ina ihu ana cewa ga su nan sun fara magana.

Bara ne Selina, maƙwabciyarmu mai aikin jinya, ta lallaɓi Inna ta tafi da ni Yola wurin wata likita. Sau uku muna zuwa. A na ƙarshe ta ce abin da nake da shi sunansa otizim, ba aljani ba ne, ba kuma hauka ba, haka aka halicci ƙwaƙwalwata. Ta ce abu biyu ne suke wasa da ni. Na farko hankalina: na yawancin mutane kamar fitilar ɗaki yake, ya haska ko'ina daidai gwargwado, ya kuma juya duk inda aka kira shi. Nawa kuwa tocila ne, in ya sauka a kan abu ɗaya ya maƙale, ɗago shi aiki ne, in kuma bai sami wurin sauka ba sai komai ya afko masa. Na biyu yadda jikina yake tashi. Da ƙara, da wari, da ƙaiƙayin tufafi, kowanne yana ƙara min bugun zuciya kaɗan-kaɗan, kuma nawa ba ya saurin sauka. Ta tambaye ni ko na san yadda mayo, wato kogi, yake a watan Agusta, in ya cika ya batse, yayyafi kaɗan sai ya haura gonakin mutane. Na ce na sani. Ta ce to ba yayyafin ne mai laifi ba, a dinga duba cikar.

Na yi kuka a ofishin nan, amma na daɗi. Shekara ashirin da huɗu ina zaton ni muguwar 'ya ce.

Inna kuwa da muka dawo Selina ta yi mata bayani, tambaya ɗaya ta yi: shi ne wanda ake cewa galahanga a rediyo? Selina ta ce wasu haka suke kiransa, amma iri-iri ne. Inna ta rufe ƙofa ta ce maganar nan ta mutu a ɗakin nan, wa zai auri mai wannan suna. Kada ku zage ta, don Allah. Manema uku ta gani sun zo sun tafi, tsoro ne ya yi mata yawa.

To, sai ga Abdulhamid.

Magungunan dabbobi yake sayarwa kusa da tike, kasuwar shanunmu, akuyar Inna ce ta kumbura aka kira shi. Zuwansa zance na farko ya sha turare kamar an tsoma shi a kwalba. Ya yi ta magana ni kuwa numfashina kawai nake ƙirgawa. Can ya tambaye ni me na gani game da abin da ya faɗa. Ni kuma ban iya kwana-kwana ba, na ce masa ban ji ko ɗaya ba, turarensa ya yi yawa. Na jira ya tashi kamar sauran. Sai ya yi dariya ya ja kujerarsa baya. Zuwa na biyu ƙamshin sabulu kawai yake yi, ya kashe ƙarar wayarsa tun daga ƙofar gida, ya zauna a gefena maimakon gabana. Bai taɓa cewa in kalle shi ba. Da ma rashin kallon ido a wurinmu kunya ce, ita ta rufa min asiri shekara da shekaru. In zai yi min magana ina wani abu, sai ya kira sunana ya yi shiru, ya jira har in juyo, sannan ya ci gaba. Ban taɓa koya masa ba, ban kuma tambaye shi inda ya koya ba.

Wata bakwai muna tare ban gaya masa maganar Yola ba. Wannan laifina ne, ba na Inna ba. Sau da yawa na rubuta na goge.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka sa mahaifiyarsa, wadda suke kira Dada, za ta zo ganina da 'yan'uwanta mata, kafin maza su shiga maganar. Tun asuba gidanmu ya tashi. Babu wuta, aka tayar da janareta a bayan tagata. Bilenda tana yi, turmi yana yi, ana suyar kaji, Adda Rabi tana waya da ƙarfi tana yi wa mai kawo lemo kwatance. Na roƙi Inna ta bar ni in sa atamfata ruwan toka, wadda wanki ya lausasa. Ta ce a gidan nan ba za a fito da 'ya kamar mai zuwa ɗiban ruwa ba. Aka ciro sabon leshi ruwan zuma mai duwatsu, ɗinkin ya kama ni a hammata, kowane zare kamar ƙaya. Adda ta ɗaura min kallabi ta ja har sai da na ji jijiyar goshina tana bugawa, ta sa min 'yan kunne masu nauyi, ta shafe ni da humra ta ce yau dai sai na haƙura.

Selina ta koya min in na ji na fara cika in shiga ɗaki minti goma, in rufe labule, in danne kafaɗuna da bargo mai nauyi har bugun ya sauka. Sau biyu na nufi ɗaki ana kirana. Na uku na kai hannu ƙofa ke nan waya ta yi motsi, saƙon Abdulhamid ne.

"Sun taso. Ki kwantar da hankalinki, Dada ba ta da faɗa. Goggo Laraba ce dai mai surutu, ki yi haƙuri da ita."

Na rubuta masa: "To. Ka yi min addu'a."

"Tun jiya nake yi."

Bayan azahar suka iso, su shida. Na shigo falo na durƙusa a kan kafet na gaishe su ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci, jam, jam, kamar yadda Inna ta maimaita min. Har nan lafiya. Amma 'yan'uwa, ku tsaya in gaya muku abin da yake cikin falon nan. Turare kala shida, kowace da nata. Kaskon turaren wuta a gefen damata yana hayaƙi. Fanka tana juyawa tana ƙas, ƙas a duk zagaye. Janareta. Awarwaron wata yana karo da kofi. Hira biyu a lokaci ɗaya, ɗaya da Fulatanci ɗaya da Hausa. Ga leshi yana cina. Zuciyata tana bugawa kamar na yi tsere, alhali a durƙushe nake.

Sai idona ya sauka a bakin zanen Dada. Wani zanen ganye ne, reshe ɗaya ya rabu uku, kowane ganye da ɗigo biyar a cikinsa. Wallahi kamar an miƙo wa mai nutsewa igiya. Na kama shi. Na fara bin reshen ina lissafin yadda zan sauke shi a bayan hannu, in faro daga wuyan hannu in kai shi ɗan yatsan tsakiya. Falon ya yi tsit. Ƙaiƙayin ma ya tafi.

Daga baya Adda ta gaya min sau uku Dada tana yi min magana. Tambayata take yi ko ni na yi lallen da yake hannun Inna. Sau uku, a gaban mutane, ina kallon ƙafarta ban ko motsa ba.

Abin da na sani kawai shi ne Adda ta mintsine ni a cinya. Na ɗago a firgice, duk ƙarar falon ta dawo min gaba ɗaya kamar an buɗe ƙofar injin niƙa. Ban gama gane wa yake magana ba, sai Goggo Laraba, ƙanwar mahaifinsa, ta ce ai kunya ce irin ta 'ya'yan gidan mutunci, bari ta warware ta. Da kyakkyawar niyya ta yi, na sani. Ta sunkuyo daidai kunnena na hagu ta rangaɗa guɗa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ƙara na ji ba, zafi na ji, kamar an soka min tsinken ƙarfe ya fita ta ɗaya kunnen. Na ƙwalla ƙara. Na toshe kunnuwana da hannu biyu, na haɗa kai da gwiwa, jikina ya fara kai da komo da kansa, ina wani gunji a maƙogwaro wanda tun ina 'yar shekara goma nake ɓoye shi a banɗaki. A gaban uwar Abdulhamid. Na yunƙura zan tashi na dafa abin da yake kusa da ni, ashe kaskon ne. Ban ji komai ba. Na fita da gudu na shige ɗakin ajiya, na cusa kaina tsakanin buhunan masara.

Abin baƙin cikin, daga can ma ina jin komai. Na ji Goggo Laraba tana salati tana cewa iska ce, ta taɓa ganin irinta a Belel. Na ji Inna tana rantsuwa zazzaɓi ne ya kwana biyu a jikina. Na ji wata tana tambaya ƙasa-ƙasa ko farfaɗiya ce aka ɓoye. Muryar da ban ji ba ita ce ta Dada. Har suka tashi ko kajin ba su taɓa ba.

Na ɗauka Inna za ta dake ni. Ta shigo ta tsaya a kaina ta ce na kashe ta, na tona mata asiri a garin nan. Tana cikin faɗa idonta ya kai kan hannuna. Tafin ya tashi fari fat, fatar ta kumbura. Ta tambaye ni yaushe wannan ya faru, na ce ban sani ba. Sai ta zauna a ƙasa cikin leshinta ta riƙe wuyan hannun tana hura masa iska tana kuka. Ita da kanta ta kwance min kallabin, ta cire 'yan kunnen, ta aika a kashe janareta. Sai da gidan ya yi shiru da kusan rabin awa sannan zafin ƙunar ya iso, kuma da ya iso bai zo da wasa ba. Selina ce ta wanke ta naɗe.

Kafin magariba na ɗauki waya. Ban tambayi Inna ba.

"Abdulhamid, ba zazzaɓi ba ne, ba kuma iska ba ce. Ina da otizim. Likita ta tabbatar min tun bara, kafin in san ka. Shi ya sa turare, shi ya sa ba na zuwa biki, shi ya sa wani lokaci sai ka kira ni sau biyu. Ba ya warkewa, don ba ciwo ba ne irin wanda ake sha wa magani. Na ɓoye maka saboda ina tsoron ka tafi. In ka tafi yanzu ba zan ga laifinka ba."

Alama ta nuna ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Shi ke nan.

Lahadi ta wuce babu ko sallama. Amare biyu na sallama saboda hannu. Adda Rabi, wadda rabon da ta yi min magana mai laushi har na manta, ta kawo min kunun gyaɗa ɗaki ta ce da ta san haka abin yake da ba ta mintsine ni ba. Litinin ma shiru. Na ce a raina to na huɗu ke nan, sai dai wannan ya fi sauran ciwo, don shi kaɗai na taɓa zama da shi awa guda ban gaji ba.

Ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo.

"Ki yafe min shirun. Dada tana son ganinki yau, ba a gidanmu na cikin gari ba, a gidan gonarmu na Sahuda. Ki zo da Adda Rabi. Ni ta hana ni zuwa. Rukayyat, ni ma akwai abin da ban gaya miki ba."

Inna ta so ta hana, ta ce wulaƙanci za a kira ni a yi min. Baba ne ya ce babba ta kira, a je. Na sa atamfata ruwan toka da hijabi marar ado, wannan karon ba wanda ya ce min kanzil. Muka hau keke napep zuwa tasha, muka shiga motar Sahuda. Na zauna ta taga na cusa auduga a kunne, ina kallon duwatsu da gonakin dawa har muka sauka.

Gidan yana can bayan gari, katangar ƙasa, ɗakuna uku da rumbu. Dada da kanta ta tare mu a zaure. Doguwa ce siririya, da carbi a hannu. Ta amsa gaisuwarmu, ta duba bandejin ta ce sannu, ta ce Adda ta zauna wurin wata tsohuwa da take tsaron gidan, ni kuma in biyo ta.

A bayan ɗakunan akwai bishiyar mangwaro. A gindinta wata mata ce zaune a kan tabarma, ta girme ni sosai, da faranti cike da gyaɗa a gabanta. Tana jera gyaɗar layi-layi, manya a gefe, ƙanana a gefe. Ta ɗaure kunnuwanta da wani tsohon zane ninki biyu. Jikinta yana kai da komo a hankali, kuma tana gunji a maƙogwaro.

Ban taɓa jin sautin nan daga bakin wani ba sai nawa.

"Aishat ke nan," in ji Dada. "Shi ne na fari a cikina."

Hausar Dada irin ta tsofaffinmu na nan ce, mace da namiji duk shi ne, sauran maganarta ni zan daidaita muku. Ta ce shekarar Aishat talatin da uku, ba ta taɓa yin magana ba sai kalma huɗu ko biyar. Tana 'yar shekara tara suka kawo ta nan, saboda a gari kullum cikin ihu take da buga kai a bango, maƙwabta suna ta magana. Yawancin mutanen cikin gari sun ɗauka ta rasu tun tana ƙarama, su kuma ba su gyara musu ba. Abdulhamid duk Juma'a yana zuwa, shi kaɗai take yarda ya yanke mata farce. Ta ce ranar Asabar da na toshe kunne, sauran mata iska suka gani, ita kuwa 'yarta ta gani, sai dai wannan tana magana, tana sana'a, har ana neman aurenta. Ta ce kwana uku ke nan ita ba ta yi barcin kirki ba.

Muka zauna a bakin tabarmar, nesa kaɗan. Aishat ba ta kalle mu ba.

"Na kai ta wurin malamai, na kai ta asibiti, har ƙetaren iyaka na kai ta," Dada ta ce. "Kowa ya gaya min abin da yake damunta. Ba wanda ya taɓa gaya min abin da take ji. Ke ki gaya min."

Na ce mata ba zan iya shiga zuciyar Adda Aishat ba, likita ta ce kowa da irin nasa, abin da yake ƙona ni wata ko a jikinta. Amma zan faɗi nawa. Na ba ta labarin tocila da na mayo. Na ce in ta kira ta ba ta juyo ba, ba lallai raini ba ne ko rashin sanin uwa, wataƙila hankalin ne ya maƙale a kan gyaɗar, kuma wataƙila gyaɗar ce take riƙe da ita kada ƙarar duniya ta tafi da ita. Na ce kai da komon nan ni dai shi yake saukar min da bugun zuciya, in aka hana ni sai abin ya fi muni. Dada ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce shekara nawa suna ɗaure mata kafaɗa don ta daina.

Sai ta tambaye ni, yau tun safe Aishat take gunjin nan ta ƙi cin abinci, ko na san dalili.

Na cire audugar kunnena na saurara. Kaji, iska a ganyen mangwaro, wata saniya can nesa. Sai ga shi: wani siririn ƙiii, ƙiii, yana zuwa yana ɗaukewa. Gefen kwanon rumfar awaki ne ƙusa ta saki, iska tana goga shi a jikin ɗan'uwansa. Na nuna mata na ce ban tabbata ba, amma da ni ce a nan tun safe, wancan ne zai hana ni cin abinci. Dada ta karkata kai ta ce ita ba ta jin komai. Duk da haka ta tashi, da girmanta, ta ɗauko dutse ta taka turmi ta ɗora a kan kwanon.

Ƙarar ta tsaya. Ba abin da ya faru nan take, har na fara jin kunya. Can bayan wasu mintuna gunjin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Kafaɗun Aishat suka sauko. Ta sa hannu ta ture zanen daga kunne ɗaya, ta ɗauki gyaɗa guda daga layin manya ta kai baki.

Dada ta juya mana baya ta daɗe a haka.

Da ta dawo ta zauna idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce za ta yi min tambaya ɗaya, in ji tsoron Allah in ba ta amsa.

"Ga jininmu, ga naki. In na ba ki ɗana, 'ya'yanku haka za su zama?"

'Yan'uwa, na san amsar da za ta kai ni ɗakin Abdulhamid. Kalma ɗaya ce, a'a, kuma ba wanda zai kama ni. Na kalli Aishat, na kalli hannun Dada da duk jijiyoyi suka fito.

"Ban sani ba, Dada. Likita ta ce yana bin dangi, kuma in ta ɓangare biyu ne yiwuwar tana ƙaruwa. Zai iya zuwa kamar nawa, zai iya zuwa kamar nata, zai iya ƙin zuwa. Ba wanda zai yi miki alkawari, ni ma ba zan yi ba. Abin da na sani kawai, in Allah ya ba ni irinta, ba zan rasa sanin abin da take ji ba."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba. Ta ce tsoro take ji, ta ɗauki ɗaya ta san nauyinta, kuma kullum tunaninta wa zai riƙe Aishat ranar da ta mutu. Ta ce mahaifinsu, wanda suke kira Baffa, ya ji labari daga bakin Goggo Laraba, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai je wurin Babanmu ya janye maganar, don ba zai haɗa wa zuriyarsa biyu ba. Ita ta roƙe shi ya ba ta zuwa Alhamis ta yi tunani. Ta raka mu har bakin hanya, ta ba ni gyaɗa a ƙullin leda, ta ce in kula da hannun kada ruwa ya taɓa.

A mota Adda Rabi tana ta tambayata me aka ce, ni kuwa na mayar da audugar kunnena na juya ta taga. Mun wuce rabin hanya, inda sabis yake dawowa, wayata ta yi motsi sau uku a jere. Duk Abdulhamid ne.

"Kin gan ta? Ki yafe min. An hana mu faɗa tun muna yara."

"Ni ban canza ba. Ko me Dada ta ce, ni ban canza ba."

Na ukun ya rubuta shi ne minti ashirin bayan sauran.

"Baffa bai jira Juma'a ba. Ya fita da Goggo Laraba ba tare da ya gaya wa kowa ba. Yanzu na ga motarsa a ƙofar gidanku. Zan shiga."

Na miƙa wa Adda wayar. Ta karanta, ta sake karantawa, ta kalle ni. Sannan ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗar direba, ta ce masa don girman Allah ya ƙara gudu.